Kwalba Mai Shuɗin Marfi

Sai da na shanye rubutun, na aje ƙwarya, na goge baki da haɓar zane, sannan idona ya faɗa kan kwalbar. Tana gindin allo, kusa da kurtun tawada, 'yar ƙarama kamar ɗan yatsa, da shuɗin marfi. Babu kome a cikinta. Na san kwalbar nan. Tun ina 'yar shekara tara nake ganinta cikin akwatin ƙarfen Kaka, ita da 'yan'uwanta huɗu, kuma tun ranar aka ja mini kunne cewa ido kaɗai ke taɓa su.

Na ce da Malam, ƙanen Kaka, wanda ya yi mini rubutun, "Malam, wagga kwalba daga ina?"

Ya ce, "Ɗakin marigayi mana. Tawadata ta ƙare jiya, na iske wagga bisa taga. Baƙa ƙirin, ta ma ɗara wadda shika yi min kyau. Mi ya faru?"

Hannuna ya riga ya tafi kan cikina.

Safiyar sadakar uku ce. Cikina wata shida, na fari kuwa bara ya zube. Maigidana yana can bida, wato ci-rani, a Abijan. Tun da Kaka ya cika ban sa kome a baki ba sai ruwa, shi ya sa Gwaggo, yayar babana, ta roƙi Malam ya rubuta mini abin da zai kwantar da zuciya ya tsare cikin. Ba wanda ya nufe ni da sharri. Ashe Kaka, kamar sauran tsofaffinmu, ya daɗe da sayen likkafaninsa, kuma cikin akwatin nan ya ɓoye shi. Ranar rasuwarsa, Gwaggo ta buɗe akwatin, ta fitar da kwalaben don ta kai ga farin yadi, ta jera su bisa taga, daidai inda Kaka yake aje tawadar da yake haɗa wa Malam. Hankalin kowa yana wajen gawa. Ba wanda ya mayar da su.

Na ɗauki biro ne yau don kada labarin kwalba ya danne labarin mai kwalba. Tun yanzu na ji ana cewa a kasuwar Buza wai tsohon nan ya bar guba ta kusa kashe jikarsa. In na yi shiru, abin da za a riƙe game da shi ke nan.

A kwana ukun zaman makokin na ji kowa da irin Kakan da ya sani. Manoman albasa na fadama sun zo cikin rigunansu na aiki, suka durƙusa gaban Malam, "Ina hanƙuri? Allah shi jiƙan mai gyara ruwa." Wani tsoho ya zo tun daga Tamaske bisa babur, wanda suka shiga lakwal, makarantar boko, shekara ɗaya da Kaka. Ya ƙi tabarma, ya zauna kan dutsen da Kaka yake zama, yana ta faɗin yadda aka kama su aka kai aji suna kuka, iyayensu mata na biye da su kamar an kai su yanka. A cikin gida kuwa mata na raɗa. Wata ta ce, "Shekara talatin Faransa, ko mota bai zo da ita ba, sai kwalabe." Wata ta ce ai an ce gawayi yake mayarwa zinariya, Turawa suka ƙwace asirin. Gwaggo ta ji, ta ce, "Da zinariya shika yi, da kun gan ni da wanga zane?" Aka yi dariya ana share hawaye.

Duk cikinsu ba wanda ya san aikin da ya yi. Ni ma rabi na sani.

Shi da bakinsa cewa yake, "Ni mai wanke kwalba ne." Ya fara da koyar da kimiyya a kolej, aka tura shi ƙarin karatu, ya samu aiki a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, ya zauna. Ba shi ne babba ba. Shi ke auna, shi ke haɗawa, shi ke nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe abu kar ya zube. Da ya aje aiki ya dawo ƙauye da gemu fari, da Hausar da ta ɗan yi tsatsa, da halayen da suka ba mutane dariya. Kofin shayi sai ya ɗauraye shi sau uku. Ba ya kai abu hanci, sai dai ya riƙe shi nesa ya kaɗo iskar da tafin hannu, ko da miyar Gwaggo ce. Kome na ɗakinsa da takarda manne a jiki: gishiri, kanwa, maganin ɓera, kowanne da suna da ranar da aka zuba. In rigima ta tashi a gida ba ya tsawa. Sai ya ce, "An girgiza ku. Ku bari ya kwanta, sa'an nan mu ga mi ke sama, mi ke ƙasa." Ya tashi ya bar wurin.

Ni amarya yake kirana, ni kuma in ce masa angon da ba haƙora. Ranar da ya fara buɗe mini akwatin, da hantsi ne, ruwan sama ya hana zuwa gona. Ya ce, "Amarya, taho ki ga dukiyar mijinki, kar ki ce talaka kika aura."

Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen hasken ƙofa. Ɗaya shuɗiya kamar ruwan shuni, ɗaya ja-ja mai duhu kamar zoɓo, ɗaya kore-kore. Biyu baƙaƙe.

Ya ce, "Dukkansu gawayi ne."

Na ce, "Ƙarya kake, ango."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in tuna kunkunniyar gindin tukunya. To akwai wata iri da ake toyawa da gangan, wadda in aka duba ta da babban madubi ba gari ba ce, zaruruwa ne, kowane zare da rami a tsakiya kamar sarewa, siririn da gashin kaina ya fi shi kauri sau dubbai. Nanotub ake ce musu. Wasu suna wuce da lantarki kamar waya, ba tsayawa. Wasu sai an ba su izini, kuma su ake nema don kayan cikin salula da makamantansu. Matsalar ita ce tare suke fitowa daga wuta, a cakuɗe, a sarƙe.

Ya ce, "Awa gero da dawa cikin buhu guda. Amma ba ki iya sheƙe su, ba rariyar da ka tace su. Ki zuba su ruwa, su dunƙule su ƙi ruwan. To ya za ki yi?"

Na ce ban sani ba.

"Rawani za ki naɗa musu."

Rawanin shi ne polimer, in ji shi, wani abu mai dogon jiki kamar yauƙin kuɓewa, wanda yake bin zaren ya nannaɗe shi, ya raba shi da 'yan'uwansa, har ya yarda ya zauna cikin ruwa. Kuma akwai polimer mai son kai, wanda zai naɗe wannan iri ya ƙyale wancan. Sai a girgiza su da wata na'ura mai ƙugi, a sa su cikin wata mai juyi da gudu. Waɗanda ba su samu rawani ba su faɗa ƙasa, masu rawani su tsaya sama, a tsotse su a hankali. In an tace iri ɗaya zalla, sai baƙin ya tafi, launinsa na gaskiya ya fito. Ya ce, "Ranar da na fara ganin shuɗin nan, na fita waje na yi alwala. Ɗalibai sun aza ciwo ya kama ni."

Da zai rufe akwatin ya daina wasa. Ya ce wasu cikin ruwa suke, wasu kuwa cikin wani abu ɗan'uwan esansi, wato fetur, wanda in ya shiga ciki ba ya barin hanta da ƙoda lafiya. Ya nuna mini waɗanne ne. Na tabbata ya nuna mini. Amma ni launi nake kallo.

Tawadar kuwa da faɗa ta fara. Malam yana haɗa tasa da kunkunniya da ƙaro kamar yadda ya gada, da ido yake aunawa, wani lokaci ta yi kyau, wani lokaci ta kwanta gindin kurtu ta bar ruwa a sama. Kaka ya ce masa ƙaron ne ya yi kaɗan, kuma niƙan bai yi laushi ba. Malam ya ce, "Yaya, ka bar min tawada. Kai da ka yi shekara talatin kana rubutu daga hagu." Kaka ya ce aikin da ya yi a Faransa da na kurtun Malam uwa ɗaya uba ɗaya ne, ƙaro ma polimer ne, kakanninmu sun riga Turawa. Malam ya ji kamar an haɗa ayar Allah da kayan labo, ya yi fushi, wata biyu ba ya cin tuwo a zauren Kaka. Kaka kuwa ya tafi daji ya ɗebo ƙaro da hannunsa, ya auna, ya niƙa, ya tace da ƙyalle, ya aje kwalba bisa taga. Ta yi kusan shekara a wurin. Ran nan Malam ya shigo, ya ɗauka, ya ce, "Ba don ta fi tawa ba. Don kar a yi almubazzaranci." Daga ranar bai sake haɗa tawada ba.

Sunan mai gyara ruwa kuwa, daminar da rijiyar unguwarmu ta rufta ya samo shi. Mutane suka koma shan ruwan tabki, ja kamar kunun kanwa, yara na ta zawo. Kaka ya bi gida gida da 'ya'yan zogale cikin aljihu, yana dakawa a turmin mata, yana zubawa a tulu. Mata na tsokanarsa, "Bafaranshe ya zama ɗan daudu, ga shi da taɓarya." Kafin azahar laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Duk da haka ya hana a sha sai an tafasa. Ya ce, "Wanda ido ka gani ne ya kwanta. Wanda ba shi gani yana nan."

Ni ma mun yi namu faɗan, kuma shi ya fi yi mini ciwo yanzu. Ina aji na biyu a lise, babbar sakandare, a Madawa na ce aure nake so. Ba wanda ya sa ni, ni na ga mutumin na so shi. Kaka ya riga ya gama tsara mini rayuwa a ransa: in gama, in tafi jami'a, in sa farar riga. Ya ce, "Shekara guda ta rage miki." Na ce masa shi da ya yi karatun, mi ya dawo da shi ban da kwalabe biyar? Na ga maganar ta shige shi. Wata guda bai kira ni amarya ba, sunana na yanka yake kira, kamar baƙuwa. Amma ranar da za a kai ni, ya sa hannu cikin kayan ɗakina ya tura littafinsa na kimiyya ƙarƙashin tasoshi. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan maganar nan ba. Kullum ina cewa sai na haihu in kai masa jaririn.

Duk wannan ban tuna ko ɗaya ba a safiyar nan. Abin da na tuna kawai, baƙaƙen biyu ne, kuma ɗaya a cikinsu ba ruwa ba ce.

Da na faɗa musu, Gwaggo ta ce, "Ke, ayar Allah ce kika sha, ba ta cuta." Amma duk da haka ta ce a kawo nono in sha in yi amai. Na ƙi, don na tuna Kaka ya taɓa hana a sa wata mata amai da ta sha kananzir. Suka tambaye ni ko na ji wari. Kwana uku ina kuka, hancina a toshe. Malam kuwa tsufa ya daɗe da ɗauke masa jin ƙamshi. Kwalbar ma ya ɗauraye ta ya juye a kurtu, don kar ɗigo ya lalace.

Malam ya daɗe yana kallon allon. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kurtun zai kai baki. Ya ce, "In guba ce ta fara da ni." Na riƙe hannunsa da hannu biyu. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar.

Majo, ma'aikacin jinya na ɗakin shan maganin ƙauyenmu, ya auna ni, ya juya kwalbar, ya karanta takardar da ke jiki: haruffa ne da lambobi da rubutun Kaka, babu cikakkiyar kalma ko ɗaya. Ya ce gaskiya bai san wannan ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Ya rubuta mini takarda zuwa babban asibiti a Madawa, ya ce in na ji jiri ko amai ko ciwon mara kar in jira mota, a nemi babur.

Ban ji jiri ba. Abin da na ji ya fi jiri: shiru. Yaron da yake shurina tun safe har yamma, ranar ban ji motsinsa ba. Gwaggo ta ce tsoro ne ya ɗaure mini jiki. Ni kuwa a raina faɗa nake da mamaci. Kai da ka manna wa gishiri takarda, ka kasa rubuta "guba" da Hausa? Kai da ka san gidan da kake, ka san ƙanenka, ka haɗa wannan da likkafani? Ana ta addu'a a ƙofar gida, ana raba waina da goro, ni ina ɗaka na kasa cewa amin. Allah ya yafe mini.

Da la'asar na tuna da salularsa. Akwai wata Baturiya da yake yawan ambata, ɗalibar da ya koya wa aiki tun ba ta iya riƙe kwalba ba, wadda yanzu ita ce babba a labon. Na samu lambarta a cikin wayar, ya rubuta "ɗiyata ta labo". Na hau dutsen bayan gari inda waya ke kamawa, na ɗauki hoton takardar, na tura mata da ɗan Faransancina na lise. Na faɗa mata ya rasu. Na faɗa mata abin da na sha. Na tsaya har rana ta yi ja. Ba amsa.

Washegari muka shiga motar kasuwa, ni da Gwaggo da Malam. An ce masa ya zauna ya karɓi gaisuwa, ya ce gaisuwar ta jira. Sauran kwalabe huɗun suna cikin gwangwani a cinyarsa, ya naɗe da ɗankwali, ya riƙe kamar ƙwai. A asibiti aka ɗebi jinina, aka ce mu jira likita. Muka zauna kan benci tun hantsi har rana ta karkata.

Wayar ta yi ƙara bayan azahar. Ita ce. Tana hanya ne jiya, sai yanzu ta gani. Da farko ba ta iya magana ba, kuka take, ni da na kira don a taimake ni na koma ba ta haƙuri. Can ta share murya ta ce in karanta mata haruffan ɗaya ɗaya. Na karanta. Ta ce in tambayi wanda ya yi rubutun: da ya sa ruwa, tawadar ta bi ruwan, ko ta taso sama kamar mai?

Na juya wa Malam. Ya gyara zama kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Ya ce, "Ki hwaɗa mata ta bi alƙalami lafiya lau, ta bushe bisa allo ba ta tsage ba, da na sa ruwa ta wanku tas. Ba mai, ba kumfa. Shekara hamsin ina rubutu, na san tawada."

Na fassara. Sai na ji ta yi wata irin dariya da kuka a ciki. Ta ce ta san kwalbar nan, tana wurin ranar da ya haɗa ta. Haruffa biyun ƙarshe ƙaro suke nufi. Daga gida aka aiko masa da shi cikin ƙullin leda, ya ce zai nuna musu abin garinsu ma yana riƙe zaren a ruwa. Suka yi ta tsokanarsa. Ya aje kwalbar bisa kantar labo, wata da watanni ba ta kwanta ba. Ruwa ne da ƙaro, in ji ta, da zaren da bai kai abin da zai manne a kan tsinke ba, kuma abin da ya hau allo ɗan kaɗan ne daga ciki. Sa'an nan ta ce in karanta mata ɗayar baƙar. Na karanta. Ta ce wannan kar kowa ya buɗe ta, ko don ya shinshina.

Na tambayi Malam yadda aka yi ya zaɓi mai shuɗin marfi. Ya ce ba zaɓa ya yi ba. Ita ce kusa da hannunsa.



Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta karɓi wayar suka daɗe suna magana, tana rubutu. Ta duba takardar jinina. Ta fita ta karɓi gwangwanin daga hannun Malam ta kulle a kabad, ta ce kwalaben ba za su koma ƙauye ba. Sa'an nan ta kwantar da ni, ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'ura tana yawo da ita. Gwaggo na tsaye bakin ƙofa tana jan carbi da ƙarfi har ina jin ƙarar 'ya'yansa.

Sai ga shi. Bugu ne mai sauri, kamar ana sussuka daga nesa.

Likitar ta ce, "Kin ji shi? Lafiyarshi lau. Jininki ma lafiya. Abin da kika sha kaɗan ne, cikin ruwa yake, zai bi hanyar abinci ya fita. Ki dawo awo bayan sati biyu don in ƙara gani. Abin da ya fi damuna, kwana nawa ba ki ci abinci ba?"

Gwaggo ta ce, "Huɗu! Hwaɗa mata, likita, ni ta raina ni."

Akwai agogo a bangon ɗakin. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Na fito na iske Malam a tsaye inda muka bar shi, bai ko zauna ba. Na ce masa, "Malam, an ce ba kome." Ya buɗe baki zai yi hamdala, maganar ta ƙi fita, ya juya fuskarsa bango.

Ni kuma na zauna a ƙasa, nan kan simintin asibiti, mutane na ratsa ni. Fushin da na kwana da shi na neme shi na rasa. Sai a lokacin ya shiga kaina sosai cewa Kaka ya tafi, kuma ba zan kai masa jaririn ba. Na ce Allah ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya haskaka masa kabari fiye da yadda ya haskaka mana gida. Gwaggo da Malam suka ce amin, ni ma wannan karon bakina ya iya faɗa.